Yadda Na Koyi Harbin Murfin Tukunya

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Lahadi a bakin kanal ɗin ban-ruwa da ke bayan garinmu ba, ko da a ce mutanen garin za su bar ni in manta, su kuwa ba su da wannan niyya. Abin ya faru ne a ranin da ya biyo bayan yunwar dubu biyu da biyar, ina sabon magidanci. Abu ɗaya da nake gode wa Allah a kai shi ne, wayoyin da suka fara shigowa Konni a lokacin ba su ɗaukar hoto. Da yanzu ne, da har mutanen Agadas sun san fuskata.

Gara in fara gaya muku ko wane ne ni, don ku gane yadda aka yi. Ni mutum ne mai yawan tunanin abin da bai faru ba. Idan na kulle ɗaki, sai na dawo daga bakin hanya na sake taɓa kwaɗon. Idan na yi alwala, nakan tsaya ina tambayar kaina ko ruwa ya kai gwiwar hannun hagu, in ƙare da sakewa. A lakwal, wato makarantar boko, iyakata aji shida, kuma ko can ma ba rashin sani ne ya kayar da ni jarrabawa ba, gogewa ce: in rubuta amsa in goge, in sake rubutawa in sake gogewa, har takardar ta huje. Taubashina Ila, ɗan ƙanwar babana, shi ya laƙaba mini suna Malam Idan-fa, wai don ba a taɓa kawo shawara a gabana ban ce "idan fa" ba.

Kowace shekara da an gama girbin gero nakan bi samarin garinmu mu tsallaka Najeriya ci-rani, in yi ta tura baro a kasuwa har damina ta kawo kai. Amma a wannan shekarar matata Sa'a tana da cikin fari, rumbu kuma bai cika ba. In na tafi, wa zai kai ta asibiti idan haihuwar ta zo da gardama? In na zauna, me za mu ci? Na juya wannan tambaya a kaina har na rame, ita mai cikin kuwa tana ta ƙiba tana ba ni haƙuri.

Ana cikin haka sai koperatif, wato ƙungiyar masu noman rani, ya yi shela. Tsuntsaye sun addabi filin ban-ruwa, hasbiya da kurciya da agwagin ruwa suna faɗa wa alkama da dawar rani, gwangwani da majajjawa kuma sun daina ba su tsoro. Shugabannin sun yi ta zirga-zirga a buro, wato ofishin hukuma, har aka ba su takardar izinin riƙe bindiga guda. Suna neman mutum biyu masu gadi, za a biya su da hatsin da zai kai gida har faɗuwar ruwa. Sharaɗin shi ne sai wanda ya iya harbin abin da ke tashi sama, domin a filin ban-ruwa ba a harbi ƙasa-ƙasa, ko'ina akwai mutum a sunkuye yana aiki. Ni ban taɓa riƙe bindiga ba, ko tsayawa kusa da mai ita ban so. Amma wannan ce kaɗai hanyar da na gani ta zama gida, sai na kai kaina.

Wanda aka ɗora wa koya mana shi ne Baba Ajidan, wani tsohon jandarma da ya yi ritaya ya dawo gida yana noman albasa. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma in ya kalle ka sai ka ji kamar akwai wata takarda da ka manta a gida. Ya ce lokacin yana aiki a Yamai ya ga yadda Turawa ke koyon irin wannan harbi: wata na'ura ce ke cilla musu ɗan faranti na yumɓu sama, su harbe shi kafin ya sauko. Mu ba mu da na'ura, amma muna da makanike a tashar Konni. Makaniken ya samo wa Baba Ajidan ƙarfen nan mai lanƙwasa na ƙarƙashin tsohuwar mota, aka kafe shi a kan kututturen dabino, aka ɗaura masa igiya. A danne ƙarfen, a ɗora faranti, in an fizge igiya sai ya tashi. Farantan kuwa wata maginiyar tukwane ce ta yi mana su da laka, masu kama da murfin ƙaramar tukunya, shi ya sa kowa ke ce musu murfi. (Ta ce a rayuwarta ba ta taɓa ganin masu sayen abu don su fasa ba, amma in muna son tukwanen ma akwai.)

Mu 'yan koyon ba mu da yawa. Akwai ni, akwai Ila wanda ya zo don ya ji na zo, akwai Altine, wani saurayi ɗan gidan makiyaya daga wajen Bazaga, sai wasu 'yan kaɗan da suka gudu tun makon farko. Bindigar mai baki ɗaya ce, irin wadda ake karyawa a tsakiya a zura harsashi a rufe. Dokar Baba Ajidan ta farko: bindiga ba ta wucewa daga hannu zuwa hannu sai a karye, kuma ba a sa mata harsashi sai mutum ya tsaya a wurin harbi. Wannan doka ta shiga raina tun ranar, don irin abin da nake so ke nan.

Sauran darasin ne ya gagara. Ya ce kunci a manne da ƙotar bindiga, ido biyu a buɗe, kuma murfin za ka kalla ba bakin bindiga ba. Ya ce in ka shirya kai za ka ce "saki," mai igiya ya fizge. Ya ce kada ka harbi inda murfin yake, ka harbi inda za shi, kamar mai jefa wa yaron mota ƙunshin kaya alhali motar tana tafiya. Ya ce ko ka ja kunama kada ka tsayar da hannu, ka ci gaba da binsa. Duk na haddace. Da a ce da baki ake jarrabawar, da ba wanda ya kamo ni.

Ranar farko duk muka kuskure, murafu suka yi ta sauka lafiya lau a cikin yashi muna tsincewa. Ni nawa kuskuren ma daban yake, don ban harba ba sam. Na ji maharba na cewa ba a sakin harbi sai da bisimilla, sai na ga ai gara in cika ta, in ƙara da neman tsari, in kuma leƙa ko akwai wani a can bayan gonaki. Kafin in gama, murfin ya daɗe da sauka. Ila ya ce in an bar ni zan kai har ƙunutu. Da yamma na je na tambayi limaminmu ko wajibi ne a yi wa murfin laka bisimilla kamar yadda ake yi wa tsuntsu. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko ci zan yi.

Kashegari na taƙaita addu'a na ja kunama, kuma a ranar na san cewa bindiga tana shuri kamar jaki. Ban manna ta da kafaɗa sosai ba, sai ta dawo ta same ni. Kunnena ya yi ta ƙara har magariba, kafaɗar ta yi baƙi kamar an shafa mata shuni. Daga ranar na fara cusa auduga a kunne. Da fari 'yar kaɗan ce, irin wadda Baba Ajidan ya ce kowa ya sa. Amma idan fa ba ta isa ba? Sai na riƙa ƙarawa.

Harsashi yana da tsada, saboda haka yawancin koyon da sanda muke yi, harbin gaske kuwa sai jefi-jefi. Ni ban tsaya nan ba, na kai aikin gida. Bayan la'asar Sa'a takan zauna a kan turmi da tulin sakaina a gabanta, ni kuma in ɗauki taɓarya in saɓa a kafaɗa. In ce saki, ta wurga sakaina ta saman zana, in bi ta da taɓarya in ce "tau" da bakina. Ita ce alƙali, kuma alƙali ce mai tausayi, kusan kullum na samu. Wata rana da ta ga yadda nake juyawa a hankali, ido a buɗe, hannu bai tsaya ba, sai ta ce, "Maigida, in da taɓarya ake yi, da tuni kai ma ka zama ajidan."

Gaskiya ta faɗa. Da taɓarya ba ni da na biyu. Da bindiga kuwa ban taɓa ko goge gefen murfi ba. Altine ya fara fasawa tun mako na biyu, don idonsa ya saba da bin abin da ke motsi a daji. Ila ma, da duk shiriritarsa, ya fara samu. In murfi ya fashe a sama sai ka ga jar ƙura ta watse, kowa ya yi ta murna kamar nasa ne. Haka dai aka gaya mini, don ni in nawa layin ya zo ban san me ke faruwa ba, sai dai in ji shuri in ga kaina na ja da baya.

Baba Ajidan ya kira ni gefe ya ce yana tsaye a bayana yana kallo, kuma abin da ya gani shi ne ina rufe ido ina fizge jiki tun kafin bindiga ta tashi. Na ce masa cikin ladabi ba haka ba ne, bindigar ce ke ture ni. Ya ce a'a, ni nake ture kaina. Na ce Baba, ai ni ke jin abin a kafaɗata. (Ku lura, ni da ba na iya rantsewa na kulle ƙofar ɗakina, a kan wannan magana ɗaya ce na tsaya kai da fata.) Bai yi gardama ba. Ya ce to, Allah ya kai mu.

Ranar gwaji ta zo. Na ɗauka mu da shugabannin koperatif ne kawai, ashe labari ya zaga. Masu albasa sun bar aikinsu, 'yan kabu-kabu sun jera baburansu a kan gaɓar kanal, mata sun tsaya can nesa a inuwar itacen bedi, har da wani mai shayi da ya kawo teburinsa. An shimfiɗa wa Perzidan, wato Alhajin da ke shugabantar koperatif, tabarma da kujera, ga maigari a gefensa. Sa'a ba ta zo ba don nauyin ciki, amma ta wanke mini farar rigata ta Juma'a, ta ce in sa don a ga mutum mai kamala.

Altine ya fara, ya fasa nasa duka. Ila ya bi, ya kuskure ɗaya ya fasa sauran, ya juyo yana ɗaga wa mata hannu. Wani daga Dogarawa, da bai yi koyon da mu ba, ya gwada bai samu ba. Sai aka kira ni. Lissafina shi ne in na fasa duka zan wuce Ila, kuma a raina ina ganin ai abin da nake yi da taɓarya ne kawai zan maimaita.

Baba Ajidan ya miƙo mini bindiga a karye da harsashi guda. Na tsaya a wurin harbi, bayana ga kanal, na zura harsashi na rufe. Ila ne ke riƙe da igiya. Na ɗaga kai don in duba gabana kamar yadda na saba, sai na hango matan Fulani can a kan turba, da ƙoren nono a ka, sun nufi Konni. Suna da nisa ƙwarai. Baba Ajidan ya sha gaya mana ƙwayoyin harsashin nan ko rabin wannan nisa ba sa kaiwa. Amma idan fa iska ta ɗauke su? Idan fa wannan harsashin ya fi sauran ƙarfi? Na karya bindiga, na zare harsashin, na jefa shi a aljihun gaba, na ce a dakata su wuce.

Ku riƙe wannan wurin, don ni ban riƙe shi ba.

Matan nan ba su san ana jiransu ba. Tafiya suke a hankali suna hira, wata tsohuwa a cikinsu ma ta sauke ƙwaryarta ta gyara gammo. Jama'a suka fara gunaguni. Perzidan ya duba agogo. Ila ya ce, "Bawana, nono za ka saya ko harbi za ka yi? In hura kake so a aika a damo maka."

Jama'a suka kwashe da dariya. Don kada in ƙara jin bakinsa, kuma don in yi amfani da lokacin, sai na ciro sauran audugar da ke wurina na cusa duka, na tura da ɗan yatsa, sannan na warware rawanina na naɗe kunnuwan na ɗaure a ƙarƙashin haɓa. Duniya ta yi tsit. Ina ganin bakuna suna motsi amma ko tari ba na ji. Na karanta abin da zan karanta tun da akwai lokaci. Da tsohuwar ta ɓace a bayan itatuwa, Baba Ajidan ya yi mini nuni da hannu. Na rufe bindiga, na ɗana, na manna kunci. Na lura ya matso kusa ya kalli aljihuna ya kalle ni, sai na ɗauka farar rigar ce ta burge shi.

Na ce saki. (Daga baya aka ce mini ihu na yi, har tsuntsaye suka tashi daga alkama.) Na ga murfi ya fita ya yi sama, na bi shi, na wuce shi kaɗan, na ja kunama.

Sai na ji shurin da ban taɓa jin irinsa ba. Ya ɗauke ni daga inda nake tsaye, na yi taga-taga da baya, dugadugaina suka zame a kan gaɓa, na zauna daɓas a cikin taɓon bakin kanal, ruwa har ƙugu. Abin da kawai na yi daidai shi ne na ɗaga bindigar sama ban bari ta jiƙe ba. Na buɗe ido, na dafe kafaɗa da hannun hagu, na ce da iyakar muryata, don kurma ba ya sanin ƙarfin muryarsa:

"Na same shi? Baba, yau ta fi kullum shuri!"

Ba wanda ya amsa, ko kuma ban ji ba. Na ga dai mutane sun yi cirko-cirko, baki buɗe. Sai na ga mai shayi ya durƙusa ya riƙe ƙafar teburinsa. Na ga Ila ya saki igiya ya kwanta a ƙasa yana shure-shure. Na ga hular Perzidan ta faɗi bai ko ɗauka ba. A raina na ce lalle na fasa murfin nan fasawar da ba a taɓa gani ba. Har murmushi na yi, na ɗaga musu hannu.

Baba Ajidan ya sauko ya karɓi bindigar. Ya karya ta a hankali, ya ɗaga ta sama ya juya wa jama'a, ana hango hasken rana ta cikin bakinta. Sannan ya sunkuyo ya sa yatsu biyu a aljihuna ya ciro harsashi, sabo ful, ya ɗaga shi ma. Ya warware mini rawani da kansa, ya zare audugar kunnen dama, sai dariyar garinmu gaba ɗaya ta shigo mini lokaci guda. A cikin wannan hayaniya ya ce mini, ba da ƙarfi ba:

"To ɗana, wa ya shure ka?"

Altine ne ya je ya ɗauko murfin daga cikin yashi. Ko tsagewa bai yi ba.

Ban tsaya jin sakamako ba, ko da yake ba sai an gaya mini ba: Altine da Ila aka ɗauka. Na bi ta bayan gari, ta cikin karan dawa, farar riga ta koma kalar tukunya. Duk saurina labarin ya riga ni isa gida. Na tarar da Sa'a a tsakar gida, fuskarta ba alamar dariya, ta ajiye ruwan wanka. Da na fito sai ta zo da ɗan kaskon man shanu ta ce in kawo kafaɗar ta shafa mini, ta ji an ce yau ta fi kullum. Nan ta kasa riƙewa, ta yi ta dariya tana riƙe da ciki har na fara tsoron kada haihuwar ta taso.

Ni kuwa ban yi dariya ba. Na jawo jakar ci-ranina daga ƙarƙashin gado na fara kakkaɓe ta. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne, na ji wani ɓangare na zuciyata yana murna da tafiyar, don a kasuwar Kurmi, can Najeriya, ba wanda ya san an yi. Sa'a ta ga jakar, dariyarta ta tsaya. Ba ta ce kada in tafi ba, don ta san abin da ke cikin rumbu. Ta dai zauna ta shiga ɗinke hannun jakar da ya tsinke.

Da safe aka yi sallama a ƙofar gida. Baba Ajidan ne, a kan kekensa. Bayan gaisuwa na fara ba shi haƙuri a kan kunyar da na ba shi, ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Ya ce tun lokacin da na rufe bindiga ya san ba komai a ciki, kuma da gangan ya yi shiru, don ya gaji da gaya mini abin da ba zan yarda ba sai na gani. Ya ce bai dai yi zaton zan kai har cikin kanal ba.

Sannan ya ce akwai abin da ke damun shugabanni. Ila ya iya harbi, amma in aka bar masa harsasai a hannu, zabin daji za su ƙare kafin alkama ta nuna, kuma ba ya duba gabansa. Altine yana dubawa, amma gidansu da nisa. Suna bukatar mutum na uku wanda harsasan za su zauna a wurinsa, ya riƙa zagawa da masu gadi, ba mai sa harsashi a bindiga sai shi ya duba fili ya ce ba kowa. Ya ce da ya kawo sunana Perzidan ya sake fashewa da dariya, sannan ya ce ai kuwa duk garin nan ba wanda aka tabbatar harsashi na zama lafiya a aljihunsa kamar ni. Rabon bai kai na masu harbi ba, amma in na haɗa da ƙwadagon albasa zai kai mu damina.

Na buɗe baki zan ce idan fa, sai na hango Sa'a ta bayan zana tana yi mini wani irin kallo. Na ce na gode, Baba.

Ya ce da sharaɗi: kullum da safe in zo bakin kanal. Yadda ya koya mini kuwa shi ne, ya juya mini baya, ya rufe bindiga ya miƙo mini a wurin harbi, ban san ko da harsashi ko babu ba. (A nan ne kaɗai yake karya dokarsa, kuma yana tsaye a kafaɗata har in gama.) Auduga 'yar kaɗan, rawani a ka ba a kunne ba. Yawanci babu komai a ciki, sai in ji ƙaras, in ga kaina na yi tsalle ni kaɗai kamar wanda ya taka ƙaya. Kunya ta riƙa kama ni ko ba kowa sai mu biyu. A hankali tsallen ya koma girgiza, girgizar ta koma ƙifta ido. Wata safiya na ce saki, na bi murfi ina ganin ai yau ma babu komai, na wuce shi kaɗan na ja. Bindiga ta tashi. Na ga murfin ya watse a sama, jar ƙura ta tsaya ɗan lokaci sannan iska ta tafi da ita. Da idona na gani. Kafaɗar kuwa, turawa ce kawai kamar ta aboki a cikin kasuwa.

Baba Ajidan bai yabe ni ba. Ya ce na ɗaga kai da wuri, in sake.

Ban zama gwani ba, kada in yi muku ƙarya. Har ƙarshen ranin nan kuskurena ya fi samuna yawa, kuma Ila ya riƙa ƙorafin cewa kafin in gama duba fili tsuntsaye sun ƙoshi sun yi hamdala. Amma ba a taɓa ko ƙwarzanar ɗan akuya ba a filin nan, alkama kuma ta shigo. Ranar da naƙuda ta kama Sa'a ina gida. Ni na ɗaura jaki a amalanke, ni na kai ta asibiti, ni na zauna a waje ina lissafa duk abin da zai iya faruwa, har ungozoma ta fito ta ce mace ce, kuma duk suna lafiya. A ranar suna Ila ya tashi a gaban baƙi ya naɗe kunnuwansa ya kwaikwayi faɗuwata, har da ɗaga hannu. Wannan karon da ni aka yi dariyar, sai dai na gaya masa bai iya ba, tawa ta fi kyau.

Har yau ban daina damuwa ba, wannan sai dai kabari. Amma na rage kuka da abin da ban tabbatar ya taɓa ni ba. Idan wani al'amari ya taso na ji ya yi jifa da ni, kafin in dafe kafaɗa in tara jama'a, nakan fara laluba aljihuna. Sau da yawa harsashin yana nan.